Sawun Baƙin Mai

Ranar Laraba da hantsi aka gano an yanke tiyon agogon baƙin mai a motar Babba. Kafin azahar kowa a unguwar ya riga ya san wanda zai zarga.

Abin ya faro ne tun safiyar Talata, da numfashin Inna ya sarƙe. Babba, ɗanta na fari, direba ne, da motarsa yake ciyar da gidan. Ya kwantar da ita a kujerar baya, ƙanwarsa Auta ta tallabe ta, suka nufi babban asibiti, tafiyar awa ɗaya da rabi. Sun ci fiye da rabin hanya sai injin ya buga, a wani fili da ba kowa. Kafin su sami motar da za ta tsaya musu, Inna ta cika a kan cinyar Auta.

Washegari Babba ya koma wajen motar da maƙwabta uku. Ya ɗaga bonet, ya nuna musu wani siririn tiyo da ke kai mai daga inji zuwa sabon agogon da aka maƙala a gaban direba. A yanke yake gida biyu, yankan ƙarfe mai kaifi. Ya ce ta nan man ya tsiyaye har injin ya ƙone.

Bakaniken bakin tasha ne ya haɗa agogon ranar Lahadi. Kowa kuma ya tuna cewa bara sun yi sa-in-sa da Babba a gaban direbobi. Samari suka same shi a gareji, suka karya masa yatsu biyu kafin Sajan na 'yan sanda ya zo ya ƙwace shi. Sajan ya kulle shi a ofis, yana cewa can ne kawai ba za a ƙarasa shi ba.

Yayan marigayiyar shi ne dattijon da ake kira Mai Sawu. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun dabbobin sata da na yaran da suka ɓata. 'Ya'yan ƙanwarsa Kawu suke ce masa, har unguwa ta ɗauka. Yana zaune a ƙofar gida ranar Alhamis ana yi masa gaisuwa, sai ga matar Bakanike ta zo ta durƙusa daga nesa.

"Baba, Allah ya jiƙan Inna," ta ce. "Ban zo in ce mijina bai yi ba. Na zo ne in roƙe ka ka je ka duba. In ka ce shi ne, zan koma ɗakina in yi shiru."

Babba, wanda ke zaune kusa da Kawu, ya ce, "Kawu, ba sai ka wahalar da kanka ba. An riga an kama shi."

Kawu ya daɗe yana kallon matar. Ƙanwarsa ce aka binne, ita kaɗai ta rage masa a cikin 'yan ɗakinsu. Shi ma yana so ya sami wanda zai ɗora wa laifin. Amma bai taɓa nuna mutum ba tare da ya ga sawunsa ba.

"Kada a janyo motar," ya ce. "A bar ta inda take."

*

Sajan ya san Kawu tun yana sabon ɗan sanda, don haka bai tsaya ja masa rai ba. Ya fito da Bakanike ya zaunar da shi a benci. Hannunsa na dama a naɗe yake, idonsa ɗaya ya kumbura.

"Faɗa min aikin da ka yi wa motar," in ji Kawu. "Tun daga farko. Ni ban san inji ba, don haka ka yi min yadda za ka yi wa jikanka."

Bakanike ya ce jar fitilar da ke nuna ƙarancin mai ta daɗe da mutuwa a motar. Babba da kansa ya sayo agogo mai allura, ya kawo ya ce a haɗa masa.

"Akwai wani ɗan rami a jikin inji kusa da matatar mai. Na kwance abin da ke ciki, na ɗaura kan tagulla, na soke tiyon a jikinsa. Na ratsa da shi ta bangon da ke tsakanin inji da direba, na sa roba don kada ƙarfe ya ci shi. Na ɗaure agogon ƙarƙashin rediyo. Na tada mota, allura ta hau ta tsaya a tsakiya. Na sa farin tsumma na goge kowace gaɓa, Baba, ko ɗigo babu."

"Me ka gaya masa?"

"Na ce duk ranar da ya ga allurar ta faɗi ƙasa, ya kashe mota a take, ko a tsakiyar gada ne."

"Ka canza mata mai?"

"Na ce in canza, ya ce zai yi da kansa a gida. Ya saba yi."

Kawu ya gyaɗa kai. "In an yanke tiyon nan inji yana aiki, me zai faru?"

Bakanike ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi riƙe haƙarƙari. "Feshi zai yi kamar an yanka rago. Cikin bonet duk zai yi baƙi ƙirin. Na gaya wa samarin, amma ba sauraro ya kawo su ba."

"Rigimarku ta bara fa?"

"Ya ce na ɓata masa giyar mota, na ce tuƙinsa ne. Inna ce ta kira mu ta sasanta mu. Matar da ta ce in ɗauki Babba ɗan'uwana, ita zan kashe?" Sannan ya ƙara da cewa, "In ana neman wanda ba ya ƙaunata, a tambayi Mai Walda. Ranar Lahadi na je wanke hannu, na dawo na tarar da kansa a cikin bonet ɗin."

*

Rumfar Mai Walda tana jingine da garejin, katangar langalanga ɗaya ta raba su. Shekara uku suna faɗa kan wanda ke da filin gaba. Kawu bai shiga ba tukuna. Ya zagaya inda motar ta tsaya ranar Lahadi. Ƙasar ta sha mai na shekaru, amma a gefe akwai yashi, a cikinsa kuwa ga sawun mutum mai jan ƙafar dama, ya zo ya tsaya, ya koma.

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya ga dattijon yana kallon ƙafarsa. Fuskarsa ta sauya.

"Na san abin da ya kawo ka, Baba. Eh, na leƙa."

"Me ka je yi?"

"Neman kuskure na je yi, in ba ka gaskiya. Ina so in ga ya yi aikin banza in sami abin faɗa wa direbobi." Ya goge gumi da bayan hannu. "Ban samu ba. Aikin ya yi kyau, har haushi ya ba ni."

"An ce an gan ka a layinsu Babba da safiyar Talata."

"Ƙofar maƙwabcinsu na je aunawa. Babba ma ya gan ni, yana kwance ƙarƙashin motar yana juye mai, hannunsa dumu-dumu. Muna gaisawa aka ƙwala masa kira daga cikin gida, ya fito a guje."

Kawu ya riƙe wannan maganar. Bai wanke Mai Walda ba a ransa. Mutumin da ya leƙa ya ga inda tiyo yake, ya kuma zo layin da safe, yana iya yin komai a ɗan lokacin da Babba ya shiga gida.

*

Auta tana ɗakin Inna tana ninke kayan marigayiyar. Tun ranar Talata ba ta yi wa kowa doguwar magana ba. Kawu ya zauna a bakin gado.

"Auta, ba ni labarin hanyar."

Ta ba shi a gutsuttsure. Yadda Yaya ya shigo hannunsa duk mai, ya ɗauki Inna. Yadda ya koma ya zuba sabon mai a tsaye, ya rufe, suka tashi. Yadda Inna ke jan numfashi kamar ana tsaga zane. Da injin ya tsaya, ita da Yaya suka tura motar gefe, ta riƙa zagayawa tana ɗaga wa motoci hannu. Wata babbar mota ce ta tsaya daga baya, amma wurin mutum biyu kawai ke gaba, don haka ita ta tafi da gawar. Yaya ya tsaya kulle mota, ya biyo su a wata.

"Kin ji warin mai a cikin motar?"

"A'a."

"Agogon fa? Kin ga allurar?"

Hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. "Ina baya, Kawu."

"Daga baya ana hango shi. Na zauna a kujerar nan ranar Litinin, Babba yana ta nuna min shi."

"Hula ce a kai," ta ce, muryarta can ƙasa. "Hularsa ce a rataye a kai."

"Tun daga gida?"

Ta ci gaba da ninke zanen. Kawu bai matsa mata ba. Ya tashi ya fita.

*

Da sassafen Juma'a ya fara daga ƙofar gidan, inda Babba ke ajiye motar. An share wurin, amma shara ba ta ɗauke mai. Ga babban tabon tsohon mai da aka juye, ga kuma wani ƙarami mai haske kusa da shi. Daga nan ɗigo ya fara, taku ashirin tsakanin ɗaya da ɗaya, a daidai tsakiyar sawun tayoyin. Bai bi ta gareji ba. Kai tsaye ya miƙe zuwa babban titi.

Kawu ya ɗauki mai babur, ya ce ya riƙa tafiya a hankali. Duk bayan ɗan lokaci sai ya sa a tsaya, ya sauka ya duƙa a kan kwalta. Ɗigon ya riƙa matsowa kusa da juna. Bayan gadar farko ya zama taku uku. Bayan ta biyu ya koma zare ɗaya baƙi. Sai zaren ya sirance, ya yanke, can gaba kaɗan ga motar a gefen hanya, hancinta a jikin wata ƙaya.

Maƙwabtan da suka zo ranar Laraba sun tattake gaban motar da gefen dama. Kawu ya ɗaga bonet. Ƙura ce kawai a cikinsa, busasshiya. Ya kwanta a ƙasa da ƙyar, ya leƙa. Notin da ke toshe ramin juye mai bai ɗauru ba, saura kaɗan ya faɗo, a karkace, duk ƙasan motar ya jiƙe tun daga nan har baya.

Wannan ya nuna masa inda man ya fita. Bai nuna masa wanda ya yi yankan ba.

Gefen hagu ne ba a taka ba, saboda ƙayar. Ya sa sandarsa ya ɗage reshen. Ga sawun silifas ɗin Auta nan sarai, ƙafa ƙarama, yatsu sun nutse irin na mai gudu. A tsakiyar sawu ɗaya akwai tsaga, siririya, tsawon ɗan yatsa, bakinta da maiƙo. Irin wadda mutum ke bari in ya soka wuƙa a ƙasa don ya goge ta. Gefe da gefenta ga kan takalma biyu na wanda ya tsuguna, na hagu ya buɗe waje.

Kawu ya san wannan ƙafar. Shi ya riƙe hannun mai ita ranar da ya fara tafiya, ya kuma ce wa Inna yaron nan zai riƙa watsa ƙafar hagu kamar ubansa.

Ya zauna a ƙasa. Mai babur ya yi ta jiransa a inuwa, har ya gaji ya zo ya tambaya ko lafiya.

A hanyar dawowa Kawu ya yi tunanin yin shiru. Ruwa ɗaya in ya sauka, sawun ya goge, shi ke nan. Zai iya nuna wa Sajan notin kawai, a ce tsautsayi ne. Amma tiyon a yanke yake, dole wani ya yanke shi, in ba wannan ba to wancan. In aka saki Bakanike, Mai Walda samarin za su je wa.

*

Da la'asar Sajan ya kwaso su a motar ofis: Bakanike, Mai Walda, Babba, Auta, da maƙwabta biyu daga cikin waɗanda aka nuna wa tiyon. Kawu ya tsayar da su a kan kwalta, ya hana kowa sauka gefe.

Ya fara nuna musu zaren man, ya ce daga ƙofar gida ya biyo shi. Ya ɗaga bonet ya ce kowa ya shafa ya duba hannunsa. Ya sa Sajan ya kwanta ya ga notin.

"Man ta ƙasa ya fita," ya ce. "Aikin Bakanike yana sama. Bai zubar da ko cokali ɗaya ba."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "To ai an yanke tiyon, Kawu. Da idonmu muka gani." Ya juya ya kalli Mai Walda.

"An yanke. Amma ba a gareji ba, ba kuma a ƙofar gida ba. A nan aka yanke shi, bayan injin ya mutu."

Ya ɗage reshen ƙayar, ya kira Sajan shi kaɗai ya duƙa. "Wannan sawun Auta ne, lokacin da take neman mai taimako. Ga inda aka goge wuƙa a cikinsa. Sawun ne a ƙasa, wuƙar a sama. Wanda ya yi, ya yi ne bayan ta wuce. Bakanike yana garejinsa a lokacin, Mai Walda yana rumfarsa, rabin tasha sun gan su."

Wata tirela ta wuce, iskarta ta kaɗa rigunansu.

"Ɗana," in ji Kawu, bai ɗaga murya ba. "Gara ka faɗa da bakinka."

Babba ya dubi ƙayar, ya dubi kawunsa. Ya zauna a bakin kwalta.

"Ban gama ɗaure notin ba aka kira ni," ya ce. "Da na ga yadda take, komai ya fita daga kaina. Muna wuce gadar farko na ga allurar tana sauka. Na san abin da take nufi. Na ce saura kaɗan, za ta kai mu. Ta ci gaba da sauka, na kasa kallonta, na rataya hula a kai."

"Ni na ce kada ka tsaya," in ji Auta. Hawaye ke zuba a fuskarta amma muryarta ba ta rawa. "Ka ce min mai yana zuba, na ce Yaya kada ka tsaya. Shi ya sa na yi shiru. Amma ban san kai ka yanke ba. Na ɗauka da gaske wani ne."

"Da kuka tafi aka bar ni ni kaɗai da motar," Babba ya ci gaba, "na leƙa na ga notin. Na ce yanzu zan shiga unguwa a ce ga wanda ya kashe uwarsa da hannunsa. Ban san lokacin da na ciro wuƙar ba. Na ɗauka za a ce tiyon ne bai da kyau, magana ta mutu. Da na ji samari sun tafi gareji, na so in bi su in hana. Na kai har bakin layi na dawo."

Bakanike ya matso, yana riƙe da naɗaɗɗen hannunsa a ƙirji. Sajan ya yi kamar zai shiga tsakani, Kawu ya girgiza masa kai.

"Da uwata ce a baya tana wannan numfashin," in ji Bakanike, "ni da na haɗa agogon ma ban san ko zan tsaya ba. Da ka zo ka faɗa min, da ni zan fara gaya wa mutane haka. Noti kowa yana mantawa." Ya ɗaga hannun. "Amma wannan, kana tsaye a bakin layi aka yi shi. 'Ya'yana suna kallo."

Babba ya kife fuskarsa a gwiwa. Maƙwabtan biyu suka sunkuyar da kai, domin ƙanin ɗayansu yana cikin samarin. Mai Walda ya cire hularsa, ya rasa abin yi da ita, ya mayar. Sannan ya je ya buɗe wa Bakanike ƙofar mota, ya taimaka masa ya hau.

Sajan ya ce dole Babba ya bi shi ofis, haka ma samarin da suka yi dukan, ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce ya sani. Ya je ya tsaya a kan ɗan ƙanwarsa, ya miƙa masa hannu.

Babba ya ɗago. "Kawu, kai da kake ganin komai. Da na tsaya tun a gadar farko, na ɗaure notin, da ta kai asibiti? Da ta rayu?"

Tun safe Kawu ke yi wa kansa wannan tambayar. Ya auna nisan, ya auna lokacin, ya tuna fuskar ƙanwarsa ranar Litinin, da yadda leɓɓanta suka riga suka canza launi.

"Ban sani ba," ya ce. "Abin da ya faru kaɗai nake iya gani a ƙasa. Wannan ba wanda zai iya faɗa maka, kuma kada ka yarda da wanda ya ce ya sani."

Ya ɗaga shi. A cikin motar wuri ɗaya ya rage, kusa da Bakanike. Babba ya tsaya a ƙofar ya kasa hawa. Bakanike bai kalle shi ba, amma ya janye ƙafarsa ya matsa can jikin taga. Auta ta dafa bayan yayanta, ya hau, Sajan ya ja ƙofar ya rufe.